Kalmomi goma sha biyu a cikin laya: yadda kuɗin amana suka kusa salwanta tsakanin Madani da Gadarif

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne ɗan kasuwa, haifaffen Khartum, mai shekara hamsin da 'yan kai. Wan mahaifiyata ne, don haka ba zan faɗi sunansa ba, zan riƙa ce masa Kawu kamar yadda na saba. Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan. Rabin abin da zan kawo a gabana aka yi shi, sauran kuwa daga bakinsa na ji, ko na gani a daftarinsa, ko a kundin TRON, hanyar aika kuɗin kirifto, da kowa ke iya dubawa.

## Asalin lamarin: 2021 zuwa Maris 2023

Fataucin zoɓo da riɗi Kawu yake yi. Ban da wannan, ya shekara da shekaru shi ne hanyar da wasu 'yan uwa mazauna Makka da Jidda ke aiko wa iyalansu kuɗi. Su ba ƙanensa riyal a Jidda, shi kuma ya miƙa wa iyalan jine, kuɗin Sudan, a Khartum ko Sinnar ko Mai Wurno. Wasunsu ba sa so a raba kuɗin nan take. Sai su ce a ajiye musu har ranar biki, ko gini, ko rashin lafiya. Ta haka amanar mutane ta taru a hannunsa.

A Fabrairun 2021 hukuma ta karya darajar jine, dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa wajen 375 a banki. Daga nan ajiya a jine ta zama kamar gishiri a cikin ruwa. A 2022 ƙanensa ya kawo shawarar a riƙa mayar da ajiyar USDT, kuɗin kirifto na kamfanin Tether da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, a kan hanyar TRON saboda sauƙin kuɗin aike. A shekarar nan Babban Bankin Sudan ya ja kunnen jama'a game da mu'amala da irin waɗannan kuɗi. Kawu ya ji gargaɗin, ya dubi yadda jine ke zagwanyewa, ya ɗauki shawarar ƙanensa. Wani yaro a kasuwa ya sauke masa manhajar lalita a waya, irin wadda mutanenmu ke ce wa mahfaza.

Sai an fahimci abu guda kafin sauran labarin ya zauna. Kuɗin ba sa cikin waya. Suna rubuce a bulokcen, kundin da kwamfutoci masu yawa a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, a gaban wani adireshi mai haruffa da lambobi 34 da ke farawa da T. Kowa na iya ganin adireshin da abin da ke cikinsa, amma ba mai iya motsa ko ƙwandala sai wanda ke da mabuɗin sirri, wata doguwar lamba da ake sa hannu da ita. Da yake ba mai iya haddace ta, a 2013 aka fito da tsarin BIP39: jerin kalmomin Turanci 2,048, lalita ta zaɓo 12 daga ciki ta jera su, daga jerin nan kuma ake haifar da mabuɗin. Duk wanda ya san kalmomin a jerensu, a kowace waya a ko'ina, kuɗin nasa ne. Ba manaja, ba katin shaida, ba ofishin da za a kai kuka.

Ranar da aka buɗe lalitar Kawu ya kwafe kalmomin da biro a takardar da ya yago daga daftari, layi huɗu, kowane layi kalma uku, ba tare da lambar jeri ba. Yaron kuma ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya ce don gudun ko-ta-kwana. Hoton ya zauna cikin dubban hotunan buhuna da rasiɗai, aka manta da shi.

Zuwa ƙarshen Maris 2023 akwai USDT 11,400 a adireshin: 4,100 na Kawu, 7,300 na mutum tara.

## Gudu biyu: Afrilu zuwa Disamba 2023

Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Bankuna suka rufe. Bayan sallah Kawu ya kwashi iyalinsa zuwa Madani. Kafin su fito ya ninke takardar gida huɗu, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya ɗaura a damtse. Dabarar ta yi aiki ta fuska ɗaya: a duk shingayen da suka wuce ba wanda ya kula da layar dattijo.

Wata takwas ya yi a Madani, kuma a watannin nan lalitar ta yi amfani sosai. Daga Jidda ana zubawa, shi yana canjarwa yana tura wa iyalai ta Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, jimillar ajiyar tana hawa tana sauka tana komawa inda take. Damina ta zo ta wuce, layar na jikinsa, da ita yake shan rana, da ita ruwa ke dukansa. Bai taɓa farke ta ya duba ba, don wayar na aiki, ba abin da ya sa ya nemi kalmomin.

Ranar 15 ga Disamba yaƙi ya iso bakin Madani, cikin kwana huɗu garin ya fita daga hannun soja. Kawu ya bi ayarin da ya yi kudu zuwa Sinnar, da niyyar zagayowa ta Dindir zuwa Gadarif. A wani shinge a hanya wasu masu bindiga suka sauke maza daga mota, suka ce kowa ya buɗe wayarsa. Ya buɗe. Suka duba saƙonni, suka duba Bankak, ɗayansu ya jefa wayar aljihu. Manhajar lalitar tana da nata kalmar shiga, ba su tambaye ta ba, wataƙila ba su san mece ce ba. Amma makullin wayar kanta sun sa ya faɗa musu, kuma hoton nan yana ciki.

Ya iso Gadarif a makon ƙarshe na Disamba, ƙafafunsa a kumbure. Kwana biyu da zuwansa ya sa reza ya farke layar. Gumi da ruwa sun ratsa fatar. Takardar ta yi laushi kamar tsumma, kuma daidai inda ninkin biyu suka haɗu a tsakiya ta cinye. Kalmar tsakiya ta layi na biyu da ta layi na uku sun tafi, sai shuɗin tabo. Goma ana iya karanta su.

Halin da aka shiga ke nan: mai kuɗin yana da kalmomi goma, wani da ba a sani ba yana yawo da duka goma sha biyun a aljihu.

## Abin da aka gwada bai yi ba: Janairu 2024

Farko Kawu ya nemi a dawo masa da layinsa, shariha kamar yadda muke cewa, bisa zaton in lambar ta dawo lalitar za ta biyo ta, yadda asusun banki yake yi. Ya sha layi kwana biyu ya samu. Lalitar da mutum ke riƙe da mabuɗinsa da kansa ba ta da alaƙa da lambar waya, don haka ba abin da ya dawo.

Sai aka tuna da hoton, aka ce ko yana ajiye a asusun Google. Yaron kasuwar Khartum ne ya buɗe asusun, shi ya san kalmar shiga, ba wanda ya san inda yaƙi ya jefa shi. Da aka lallaba aka shiga ta hanyar saƙon lambar waya, sai aka tarar an kashe ajiyar hotuna tun farko don kada ta cinye data.

Na uku, wani ɗan maƙwabci ya sauke lalitar a wayarsa, suka zauna da Kawu suna cike gurbin biyun da ka, suna zaɓo kalmomi daga waɗanda manhajar ke nunawa. Sun gwada wajen sau talatin. Yawanci manhajar ta ƙi karɓa, amma sau biyu ta karɓa ta buɗe lalita fayau, ba ko sisi. Kawu ya ɗauka an riga an kwashe. Daren nan bai runtsa ba, yana ta lissafin yadda zai dubi idon mutum tara. Da safe ƙanensa ya duba adireshin daga Jidda a Tronscan, shafin da ake duba kundin TRON, ya ga 11,400 na nan ba a taɓa ba. Bayanin abin da ya faru shi ne, a ƙarshen kalmomin akwai ɗan ma'aunin tantancewa, kuma cikin kowane jeri 16 da aka haɗa da ka, kusan ɗaya zai tsallake shi. Jerin da ya tsallake lalita ce ingantacciya, sai dai ba ta Kawu ba, wata ce da ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Wannan zama ya ƙara wata ɓaraka da ba wanda ya lura da ita a lokacin: an rubuta kalmomi goman a wayar wani, tana haɗe da intanet.

Na huɗu shi ne ya ci kuɗi. Wani suruki ya samo shafi a intanet ɗauke da tambarin lalitar, masu shi suna cewa su ne sashen taimakon kamfani. Sun iya Larabci, sun iya lallashi. Suka ce a biya kuɗin buɗe fayil, ƙanen Kawu ya tura musu USDT 200 daga aljihunsa. Daga nan suka ce a aiko da hoton takardar don injiniyoyinsu su gyara. Da yake Kawu ba shi da babbar waya, sai ya zo rumfata da yamma, ya zaro takardar daga cikin littafin addu'o'i.

"Ɗana, ɗaukar min hoton wannan ka tura wa mutanen kamfani."

"Kawu, wane kamfani? Su suka neme ka ko kai ka neme su?"

"Mu muka neme su. Har mun biya."

Na ce ya ba ni minti biyar kafin a tura komai. Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan kwalin batir. Gurbi biyu, kowanne kalma 2,048, ya zama jeri 4,194,304. Ga mutum aikin shekaru ne, ga kwamfuta kuwa aikin kafin shayi ya huce. In hoton nan ya tafi, kafin isha'i za su cike gurbin su kwashe komai, kuma kamfanin lalita na gaskiya ba ya tambayar kowa kalmominsa, don ko shi ba ya ajiye su. Ya yi shiru yana kallon kwalin. Can ya ce, "To in kwamfutarsu za ta iya, taka fa?"

Ba a tura hoton ba. Masu shafin sun yi ta aiko saƙo kwana uku, da roƙo da barazanar rufe asusu, sannan suka ɓace.

## Aikin da aka yi a rumfa: ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu

Na sauke jerin kalmomin BIP39 da wata manhajar neman kalmomin da suka ɓace, irin wadda aka baje rubutunta a fili kowa na iya bincika abin da take yi. Na zuba su a tsohuwar kwamfutar hannu, na kwance bayanta na cire katin da ke kama intanet, sannan na rubuta kalmomin Kawu a ciki. Abu na biyu da aikin ke buƙata shi ne adireshin, kuma muna da shi, don yana cikin tsofaffin saƙonnin ƙanensa. Aikin manhajar shi ne ta cike gurbin biyu, ta zubar da jerin da bai tsallake ma'auni ba, abin da zai rage wajen 262,000, sannan ta haifar da adireshi daga kowanne ta gwada da namu. Ba ta buƙatar intanet ko kaɗan.

Zagaye na farko bai kai awa ɗaya ba, bai samu komai ba. Kuskurena ne. Daga kalmomi iri ɗaya kowane kuɗi yana da reshen da yake bi, lambar reshen Ethereum, wani kuɗin kirifto daban, 60 ce, ta TRON 195, ni kuwa na bar ta a 60. Na gyara na sake. Nan ma ba komai.

A farkon Fabrairu layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Bankak ta tsaya, kasuwa ta koma hannu da hannu, mu kuma muka daina jin ko kuɗin na nan. Kullum bayan la'asar Kawu zai zo ya zauna a bencin rumfa, takardar na tsakaninmu an danne ta da gilashin tsohuwar waya don kada iska ta ƙarasa ta.

Tunda gurbin biyu ba su isa ba, ashe akwai wani kuskuren a cikin goman. In aka ce kwamfuta ta yi zargin kowace ɗaya daga cikinsu, lissafin zai haura biliyan biyar, tsohuwar na'urata kuma da hasken rana take aiki. In jerin ne ya rikice gaba ɗaya, kalmomi 12 ana iya jera su ta hanya 479,001,600, ga kuma gurbi biyu a kai. Ƙarfin na'ura ba zai fid da mu ba, sai an koma ga hannun da ya yi rubutun.

Wata rana na miƙa masa biro da farar takarda, na ce ya yi kamar ranar farko, ni zan karanto masa kalmomi uku ya rubuta a layi ɗaya. Na faɗi ta farko. Ya kai hannu can gefen dama na takardar ya rubuta ta. Ta biyu ya sa ta a tsakiya, ta uku a hagu. Kawu allo ya yi, da Larabci ya yi makaranta, da Larabci yake cika daftari. Haruffan kowace kalma yana bin su daga hagu yadda ya gan su, amma layi a wurinsa daga dama yake farawa. Mu duka, ni da ɗan maƙwabci, daga hagu muke ta karantawa. Sa'ar da aka yi, kalmomin da suka goge na tsakiya ne, ta ko'ina aka faro su ne na biyar da na takwas.

Na juya layukan na sake. Ba komai. Amma yanzu farar takardar nan tana hannuna, kuma na ga yadda yake rubuta r da n kusan iri ɗaya, ƙugiyar ce kawai ke ɗan tsawo. Na bi kalmomi goman da jerin BIP39 a gefe, na ware guda uku da ke da 'yan uwa masu kama da su. Ɗaya mun karanta ta bind, alhali akwai bird a jerin. Ina iya faɗin wannan yanzu saboda lalitar ta zama kango. Kalma uku, kowace fuska biyu, zagaye takwas ke nan. A na biyar kwamfutar ta tsaya ta nuna jeri guda, adireshinsa ya dace da namu harafi da harafi. Kawu ya tashi ya yi alwala ya yi raka'a biyu a bayan rumfa.

## Kwashe kuɗin: makon farko na Maris

Samun kalmomin bai kashe wutar ba, tunda hoton na nan a wayar da aka ƙwace. Da layi ya dawo ya ɗan tsaya, ƙanensa ya ce a karanto masa kalmomin ta WhatsApp ya yi aikin daga Jidda inda intanet ba ta yankewa. Muka ƙi, saboda kowace waya da kalmomin suka ratsa ƙofa ce ta ƙaru.

Muka sayi sabuwar waya, ba a sa mata layi ba, ba a sauke komai a ciki ba sai lalitar, daga shafinta na asali. A nan aka buɗe sabon adireshi da sababbin kalmomi. Aika USDT a TRON yana cin 'yan TRX, kuɗin hanyar da ake biyan ladan aike da shi, tsohon adireshin kuma ya kusa ƙarewa, sai ƙanensa ya zuba 60. Muka jira awa guda muna kallo. Ɓarayin da suka riga suka samu mabuɗi sukan ɗana manhajar da ke share duk TRX da ya shigo cikin daƙiƙu. Ba abin da ya motsa.

Aka fara tura 10 don gwaji, suka isa. Cikin 'yan mintuna sai ga wani aike na sifiri ya bayyana a tarihin lalitar, da adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da sabon namu. Tarko ne sananne: ana so mai gaggawa ya kwafo adireshi daga tarihi ya tura wa ɓarawo. Ni na riƙa karanta haruffa 34 ɗin da ƙarfi, 'yar Kawu ta fari tana bi da yatsa a takarda, sannan aka tura sauran. An kwashe 11,385. Da gangan aka bar 15 da ragowar TRX a tsohon adireshin don a ga abin da zai faru.

Daga ƙwace wayar zuwa ranar nan mako goma sha ɗaya ne. A tsakani matar ɗaya daga cikin masu ajiyar ta buƙaci tiyata, sai bashi aka ci aka yi mata.

A watan Mayu ƙanen Kawu ya duba tsohon adireshin. An share 15 ɗin da TRX ɗin duka, a aike biyu, cikin minti ɗaya.

## Sabon tsari: Afrilu zuwa Yuli 2024

Bayan sallar azumi Kawu ya kira masu ajiyar ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu duk abin da ya faru, har da hoton. Biyar suka karɓi kuɗinsu. Huɗu suka ce a ci gaba.

An fara kawo shawarar a raba kalmomin shida shida tsakanin Kawu da ƙanensa. Aka watsar, don in rabin ɗaya ya ɓace duka sun tafi, wato hatsarin ɓata ya ninka. Abin da aka tsaya a kai shi ne sa hannun mutum biyu cikin uku. TRON tana ba da damar a ɗaure adireshi da mabuɗai har biyar, a ƙayyade nawa ne za su haɗu kafin kuɗi su fita, kuma canja wannan izini yana cin TRX 100. Aka yi mabuɗi uku, kowanne da kalmominsa: na Kawu a Gadarif, na ƙanensa a Jidda, na uku a hannun wani malami a Makka da masu ajiyar suka zaɓa da kansu. Wannan ƙofar ta canja izini ita ce kuma wadda 'yan damfara ke bi su mallake adireshin mutum in suka yaudare shi ya sa hannu a abin da bai karanta ba, don haka sai da muka gwada tsarin da kuɗi kaɗan har sau uku.

Ga Kawu an canja yadda ake ajiyewa. Kowace kalma tana da lambarta a jerin, daga 1 zuwa 2,048, shi kuwa ba ya kuskure a lambobin Larabci. Sai ya zana su da ƙusa a guntun farantin ƙarfe marar tsatsa, kowace a layinta, da lambar jerinta a gaba. Kafin a zuba ko sisi aka goge lalitar daga wayar, aka sa shi ya dawo da ita daga farantin da hannunsa. Kuɗin cefane da na ƙananan aike aka ware musu wata lalita daban a wayar aljihu, ba a barin fiye da 300 a ciki. Sannan aka rubuta takardar wasiyya da shaidu biyu, bisa umarnin doguwar ayar bashi ta Suratul Baƙara: sunan kowane mai ajiya, abin da yake da shi, da waɗanda ke riƙe da mabuɗai. Ba a sa kalma ko ɗaya ta sirri a cikinta ba.

Gwajin gaske ya zo a ƙarshen Yuni, da garin Sinja ya faɗi a yaƙin, mutanen yankin suka kwararo Gadarif cikin ruwan damina. Kawu ya tafi tarbo dangi a hanyar Dindir, kwana shida ba a same shi a waya ba, farantin kuma yana binne a gida. Iyalan masu ajiya biyu na cikin masu gudun. Ƙanensa da malamin suka sa hannu daga Saudiyya, kuɗin mota da na haya suka isa a rana ta biyu.

## Hukunci

Asarar da aka yi a fili ita ce USDT 200 na 'yan damfara, da 15 na gwaji, da kuɗin waya, da mako goma sha ɗaya, da amincewar mutum biyar. Wadda aka tsallake ita ce 11,385, kuma a ganina rabin tsallakewar sa'a ce. Sharewar watan Mayu ta nuna kalmomin sun kai hannun wanda ya san darajarsu, ko ta hoton, ko ta wayar ɗan maƙwabci. Tazarar wata biyu ce tsakaninmu da shi.

Hoton shi ne kuskure mafi muni, kuma ba sai an ƙwace waya yake cutarwa ba. A Fabrairun 2025 kamfanin Kaspersky ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira SparkCat, wadda ta shiga rumbunan manhajoji na Google da Apple, aikinta karanta rubutun da ke cikin hotunan waya tana neman irin waɗannan kalmomi. Layar kuwa ba na ganin laifinta a matsayin maɓoya, ta ratsa shingaye da yawa. Inda ta gaza shi ne kwafi ɗaya ce, a takarda, ba lambar jeri, kuma ba a taɓa gwada ta ba. Da an zauna rana ɗaya a Khartum an dawo da lalitar daga takardar, da tun ranar an gano zancen dama da hagu. Ba Kawu kaɗai wannan ya taɓa ci ba. James Howells na Newport a Birtaniya ya zubar da faifan kwamfuta a 2013 ɗauke da mabuɗin Bitcoin wajen 8,000, ana ganin su a kundi har yau, ba mai iya taɓa su.

Abin da ya yi aiki abu uku ne suka haɗu. Gurbin biyu ne kawai. Da huɗu ne, lissafin ya haura tiriliyan 17, ya fi ƙarfin duk na'urar da ke kasuwarmu. Adireshin yana hannu, shi ya ba kwamfuta abin gwadawa ba tare da intanet ba. Sannan an koma an kalli yadda mai rubutun yake riƙe biro, abin da babu manhajar da za ta yi mana. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin dattawanmu da yawa a Sudan da Makka da Larabci suka tashi, ana kuma miƙa musu kalmomin Turanci goma sha biyu a ce dukiyarsu ke nan, ba wanda ke tsayawa ya ga yadda suka kwafe su.

Sabon tsarin ma yana da raminsa. Mabuɗi ba ya hana Tether daskarar da adireshi, kamfanin yana da wannan iko kuma yana amfani da shi. Hukumomin Saudiyya tun 2018 suka ce ba su amince da waɗannan kuɗi ba, wanda aka cuta kuma ba shi da kariyar da mai asusun banki yake da ita. Mafi kusa da mu, mabuɗi biyu cikin uku suna ƙasa ɗaya, a hannun mutum biyu da ke zaune da iƙama, takardar izinin zama. Abin da ya ceci iyalai a watan Yuni shi ne kuma ke nufin su biyun na iya fitar da komai ba da sanin Kawu ba, kuma in zamansu ya tashi a lokaci guda, mabuɗinsa shi kaɗai ba ya buɗe komai.

Na ba da shawarar a koma uku cikin biyar, a ƙara 'yar Kawu ta fari, wadda ta riga ta iya dawo da lalita daga faranti, da wani ɗan uwa a Kasala. Kawu da ƙanensa sun yarda. Malamin ya ce sai ya ji ta bakin masu ajiyar huɗu, biyu sun amsa, ana jiran sauran.